Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Wata Juma'a cikin watan Afrilu, bayan an sauko daga masallaci, na tarar da samari uku 'yan unguwarmu a gindin darbejiya, kawunansu a haɗe kan wayar ɗayansu. Abin da suke kallo wani jirgin sama ne fari fat, mai dogayen fukafukai sirara, ba inji ba farfela, yana ta kewaya a ƙarƙashin gajimare kamar shirwa ta hango 'yan tsaki. Ƙaraminsu, wanda zai gama sakandare bana kuma ba shi da zance sai na tuƙin jirgi, ya ɗago ya ce, "Baba, wai da gaske mutum yana wuni a cikin wannan abin ba ko ɗigon mai?" Na ce da gaske ne. Suka tambayi kuɗinsa, suka tambayi gudunsa, suka tambayi ƙasar da ake ƙera shi. Babu wanda ya tambayi abin da mutumin da ke ciki yake ci, ko abin da yake sha, balle yadda yake yi in fitsari ya matsa shi. 'Ya'yana, wannan tambayar da ba ku yi ba ita zan amsa muku, domin a ganina ta fi duk waɗanda kuka yi nauyi.

Masu Faransanci suna ce masa planeur. Ni jirgin shawagi nake ce masa, don shawagin shi ne duk sana'arsa. Wani jirgi mai inji ne ke jansa da igiya ya kai shi sama ya sake shi, ko kuma a fizge shi daga ƙasa da injin naɗe waya. Daga nan sai abin da iska ta ba shi. Kullum gangarowa yake yi a hankali; mai kyau a cikinsu, in ya yi asarar mita ɗaya ta tsawo, ya ci mita 40 ko 50 a gaba. Abin da ke mayar da shi sama kuwa kun san shi tun kuna yara, suna ne kawai ba ku sa masa ba. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kwance a kanta sai ta yi zafi ta yi sauƙi ta miƙe sama kamar hayaƙin murhu. Guguwar da kuke gani tana murɗa ƙura da leda a fili lokacin bazara, gindin irin wannan iska ce. Ku tsaya wajen unguwar Farcha a nan Njamena da hantsi ku ɗaga kai, za ku ga shirwa tana kewayawa tana ƙara nisa ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba. Shamuwa ma haka take cin doguwar tafiyarta kafin ta iso mana da albishir ɗin damina. Matuƙin jirgin shawagi almajirin tsuntsayen nan ne: ya sami iska mai hawa, ya kewaya a cikinta har ta kai shi inda za ta kai shi, ya miƙe ya nemi ta gaba.

To ga inda gizo ke saƙa. Wannan iska ba ta tashi da asuba, ba ta tashi da almuru. Daga hantsi take farawa, ta yi ƙarfi da azahar, ta mutu bayan la'asar. Wato lokacin da duk mai hankali a Njamena ya nemi inuwa ya kwanta, lokacin ne mai jirgin shawagi ke bakin aikinsa. Shi ya sa matuƙa daga Turai ke yin ƙaura kowace shekara zuwa Bitterwasser da ke bakin hamadar Kalahari a Namibiya, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin zafin can, suna neman tafiyar kilomita 1,000 a wuni ɗaya. Irin wannan jirgi ba kasafai ake ganinsa a sararinmu ba, kuma duk wanda zai koya a cikinku sai ya fita, ko Faransa, ko Jamus, ko Afirka ta Kudu. Amma zafin da suke biyan kuɗin jirgi su je nema, mu a cikinsa aka haife mu, kuma wannan ne ke ba ni tsoro game da ku. Wanda ya tashi a garin da ma'auni ke wuce digiri 40 kusan kullum a watan Afrilu yakan ɗauka shi da ƙishirwa sun saba. Sabo yana sa mutum ya daina ƙorafi, amma jini ba ya sabawa da rashin ruwa.

Ku bi ni mu ga wunin matuƙin daga farko. Tun da safe yake fita fili. A fito da jirgi, a ɗaura masa fukafukai, a goge, a duba kowace mahaɗa, a tura shi da hannu zuwa bakin titi, sannan a tsaya a rana ana jiran layi. Kafin ƙafarsa ta bar ƙasa ya yi sa'a biyu ko uku yana gumi. Sai ya goya laimar tsira a baya, ya kishingiɗa a wani ɗan gurbi da bai fi faɗin makara ba, a ɗaure shi tamau, a rufe masa murfi garai-garai wanda rana ke shiga ta cikinsa zafi kuma ba ya fita. Kun san yadda cikin mota yake in an bar ta a rufe a bakin kasuwa da azahar. Mutum mai aiki a cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi a sa'a ɗaya, wani ma fiye. A iskarmu busasshiya kuwa gumin ba ya ko jiƙa riga, yana fitowa yana bushewa, sai farin gishiri a wuyan taguwa. Mutum ya duba jikinsa ya ga a bushe, ya ce ai ban yi gumi ba.

Da ya hau sama sai labari ya juya. A cikin busasshiyar iska mai hawa, zafi yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 100. Wanda ya bar ƙasa tana digiri 42, in ya kai mita 4,000 sama da ita, yana dab da sanyin ƙanƙara. Sanyi yana kashe jin ƙishirwa, kuma yana sa ƙoda ta ƙara tara fitsari, kamar yadda kuke yawan fita da dare lokacin hunturu. Iskar can ba ta da laima, kowane numfashi yana tafiya da ɗan ruwa. Daga wajen mita 3,000 ake fara bukatar ƙarin iskar oksijin daga tukunya, ita ma busasshiya ce ƙayau. Ruwa yana fita ta fata, yana fita ta hanci, yana taruwa a mara, mutum kuwa hankalinsa na kan gajimaren da ke gaba.

Abin dariya a nan, da yawa daga jiragen nan ana ɗura musu ruwa a cikin fukafukai, lita 100 har zuwa 200, don su yi nauyi su ƙara gudu, a zubar kafin sauka. Sai ka ga mutum yana shawagi da kusan duro guda na ruwa a dama da hagunsa, shi kuwa maƙogwaronsa kamar soso.

Likitocin da suka yi nazarin abin sun nuna cewa idan jiki ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, natsuwa da saurin tunani sukan fara raguwa. Ku yi lissafin da kanku. Saurayi mai kilo 65, kashi biyunsa kilo 1.3 ne, wato lita ɗaya da 'yan kai, bai kai ruwan leda uku ba. Wannan kafin ya tashi ma yana iya rasa shi. Ƙishirwa kuwa makararren ɗan aike ce, ba ta zuwa sai ɓarna ta soma. Abin da ya fi muni, gaɓar da za ta gaya maka cewa ka soma lalacewa, wato ƙwaƙwalwa, ita ce ta fara lalacewa. Wanda ƙafarsa ta yi ciwo ya san ƙafarsa na ciwo. Wanda tunaninsa ya yi nauyi gani yake lafiyarsa lau, sai dai duniya ce ta cika ban haushi. Ga shi in jirgi yana kewaya a karkace, jiki yana ƙara nauyi, jini yana rinjaya zuwa ƙafafu. In jinin ya riga ya ragu saboda rashin ruwa, sai jiri da duhun ido su zo da wuri.

Yanzu ku tambayi kanku, wane aiki ne ya fi wuya a duk tafiyar? Sauka. Jirgi mai inji in ya zo sauka ya ga bai daidaita ba, sai ya taka wuta ya sake zagayowa. Jirgin shawagi dama ɗaya gare shi. Kuma wannan dama ɗaya tana zuwa ne a ƙarshen wuni, bayan sa'a biyar ko takwas, lokacin da aka sauko daga sanyi aka dawo cikin zafi, ciki ba komai, kai na sarawa. Aikin da ya fi bukatar hankali an ajiye shi a daidai lokacin da hankali ya fi ƙaranci. Duk abin da zan faɗa a kan ci da sha, saboda mintuna biyar ɗin nan ne.

Ba a littafi kaɗai na san wannan ba. Shekarun baya aiki ya kai ni kudancin Faransa, wani dattijo da muka saba ya ce zai ɗauke ni a jirginsa mai kujera biyu. Tun daren na shiga tunani: in fitsari ya kama ni a sama fa, a gaban baƙon mutum? Sai na yanke shawarar da na ɗauka dabara ce. Da safe na sha ɗan kofin shayi, daga nan ban ƙara sa komai a baki ba. Ya miƙo mini gorar ruwa kafin mu shiga, na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Sa'a ta farko daɗi kamar me. Cikin ta biyu kaina ya soma sarawa, zuciyata na tashi, na daina kallon duwatsun da nake ta yabo. Yana bayana, ba ya ganin fuskata, amma ya ji na yi shiru. Ya ce in karanta masa agogon da ke nuna tsawo, in cire 700 daga abin da na gani in gaya masa. Ni da na yi shekaru ina aikin lissafi, na kalli allurar nan, na san lambobi ne, amma suka ƙi haɗuwa. Na faɗi wani abu, ya ce in sake. Na ji haushinsa ya kama ni ƙwarai, a raina ina cewa wannan tsoho ya cika takura. Sai ya ce, "Akwai tiyo a kafaɗarka ta dama. Ka sha, kuma kada ka ce mini ka ƙoshi." Da muka sauka ya gaya mini cewa haushin da na ji shi ma alama ce. Ni fasinja ne, ba abin da ya dogara da ni. Da sandar tuƙi a hannuna take, da ban san inda labarin zai ƙare ba.

Kun ga abin da ya hana ni sha. Ba rashin ruwa ba ne, ruwa na kafaɗata. Kunya ce. Kuma a nan nake so in daɗe, don na san gidajen da kuka fito. An yi mana tarbiyya cewa zancen bawali ba a yinsa a gaban manya, har sunaye muka yi masa don kada a faɗe shi: zagayawa, kama ruwa, fita waje. Tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida. Amma ku dubi abin da take sa mu yi a hanya. Wa bai ga matan da ke shiga motar Abeche ko ta Mundu ba, tun daren jiya sun daina shan ruwa don kada su ce wa direba ya tsaya a gaban maza? Su isa da ciwon kai da ciwon mara, a ce wahalar hanya ce. Ɗalibi ya shiga jarrabawar sa'a huɗu ba ruwa don kada ya ɗaga hannu ya nemi fita. Masu jirgin shawagi a ko'ina cikin duniya suna da wannan cutar, kuma malamansu sun daɗe da gane cewa ba a iya sa mutum ya sha ruwa sai an warware masa inda ruwan zai fita. Saboda haka suke maganar a fili, ba wani noƙe-noƙe. Maza suna amfani da leda mai zif wadda aka sa wa abin tsotse ruwa a ciki, ko wata roba da ake sawa a gaba mai haɗe da tiyo zuwa jaka ko zuwa wajen jirgi. Mata, da mazan da suka ga ya fi musu sauƙi, suna sa kunzugun manya irin na asibiti. Ana gwada abin a gida, a kishingiɗe, da tufafin da za a tashi da su, don ranar tashi ba ranar koyo ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san wani zai ce, to tsarki fa? Ka tafi da tufafin canji da ruwan wanki a mota, ka sauka ka gyara jikinka. Yadda za ka yi da azahar da la'asar kuwa, ka zauna da malaminka tun kafin ranar ka yi masa bayanin aikin dalla-dalla, don addini ya yi wa matafiyi sauƙi da yawa wanda jahilci ke hana mu ɗauka. Musamman ku 'yan mata masu sha'awar wannan fanni: kada ku yarda kunyar minti ɗaya a gaban malamar koyarwa ta sa ku wuni da ƙishirwa a sama.

Shan kansa yana da tsari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka daga daren jiya ake farawa, a ci gaba da safe, har fitsari ya zama fari-fari kamar ruwan lemon tsami. In ya yi ja kamar shayi, ba ka shirya ba, ko me agogo ya ce. A sama kuwa da agogo ake sha, ba da jin ƙishirwa ba: 'yan kurɓi kowane minti 15 ko 20, ko kuma ka ɗaura shi da wani aiki da kake maimaitawa, misali duk lokacin da ka gama hawa ka miƙe, ka kurɓa. Hanji ba ya iya tsotse fiye da wajen lita guda a sa'a, don haka wanda ya bari sai ya galabaita sannan ya ɗaga gora ya shanye, cikinsa kawai ya cika, jininsa bai samu ba tukuna. Jakar ruwa mai tiyo, irin ta masu tseren keke, ta fi kwalba, don hannu ɗaya kullum yana kan sanda. Kwalba kuma in ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin matakan ƙafa ko gindin sanda, tana iya cije tuƙi gaba ɗaya. A wannan ɗan gurbi duk abin da ba a ɗaure ba abokin gaba ne.

Kada kuma a wuce gona da iri. Gumi da gishiri yake fita. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla lita bayan lita ba ya cin komai, gishirin jininsa yana iya tsinkewa, ya sami ciwon kai da ruɗewa irin na mai ƙishirwa, ya ƙara sha, abin ya ƙara lalacewa. Maganin ba tsada: a ci wani abu mai ɗan gishiri a hanya, ko a sa jaka ta biyu mai ruwan gishiri da sukari. Haɗin da ake koya wa iyaye mata a asibiti don yaro mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya nuna muku ma'aunin. Zoɓo, wanda ake ce wa karkanji a nan, ko ruwan tsamiya, in an tsinka su ba a cika sukari ba, suna sa a sha da marmari. Lemon kwalba mai gas a bar shi a ƙasa. Iskar da ke cikin hanji tana kumbura yayin da ake hawa, a wajen mita 5,500 ta ninka girmanta, ga ɗamara ta matse ciki. Saboda wannan dalilin dai, wake da ƙosai da alala ba abincin daren tashi ba ne.

Abinci kuwa, kakanninmu sun riga sun yi mana rabin aikin. Fataken da suka bi ayarin gishiri zuwa Bilma, da mahajjatan da suka ratsa ta garin nan a ƙafa suna nufin Makka, har wasunsu suka zauna suka haifi iyayenmu, sun san guzurin da ba ya lalacewa a zafi, ba ya cin wuri, ana kuma cinsa da hannu ɗaya. Dabinon Faya, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, kilishi. Sai dai jirgi yana da nasa sharuɗɗa. A cire ƙwallon dabino tun a gida, don ba inda za ka tofar, kuma ƙwallo ɗaya in ya faɗa cikin mahaɗar tuƙi ya isa. A yanka komai loma-loma. Kilishi a nemi marar yaji sosai, domin garin barkono in ya tashi a rufaffen wuri ya shiga ido, ga hannu ɗaya a kan sanda, kun san sauran. Ƙuli-ƙuli mai tauri da ke sa tari a bar shi. Fura da nono abin so ne da safe kafin a fita, amma a gora cikin zafi tsami take yi ta kumbura. Cakulan narkewa yake. Alawa da biskit mai zaƙi zalla suna ɗaga mutum na ɗan lokaci su sake shi, gara a haɗa dabino da gyaɗa, ɗaya ya ba da ƙarfi yanzu, ɗaya ya riƙe ciki. Karin kumallo a yi shi sosai amma ba mai maiƙo ba, sannan a sama a riƙa ɗan taɓawa kowace sa'a. Tuwo malmala uku kafin tashi barci ne da tashin zuciya. Ciki wayam shi ma tashin zuciya ne.

Shayi da goro ba zan ce ku bari ba, na san da wa nake magana. Wanda ya saba da kofinsa na safe in ya bari ranar tashi ciwon kai zai same shi. Ya sha abin da ya saba, kada ya ƙara, kuma kada ya lissafa ɗan kofin shayi mai kauri a matsayin ruwa. Ƙwayoyin hana gajiya da wasu direbobi ke haɗiya kuwa, wanda ya kai su kusa da jirgi ya nemi wata sana'a.

Sai azumi. Ramadan yana zagayawa, wasu shekaru yana faɗowa tsakiyar bazara. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: doguwar tafiya a jirgin shawagi da azumi a baki ba su haɗuwa. In tashin na sha'awa ne, a ɗage shi, sama ba za ta gudu ba. In na dole ne, kamar jarrabawa ko aiki, a tambayi malami game da rangwamen matafiyi a rama daga baya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurayi ya ɓoye wa mai koyar da shi cewa yana azumi don kada a hana shi tashi.

Masu wannan fanni sun koyi iyakar jikin ɗan Adam da tsada. A watan Afrilun 1952 wani Bafaranshe, Charles Atger, ya yi sa'a 56 da minti 15 a sama shi kaɗai a jirgin shawagi, a kan duwatsun Alpilles. A 1954 wani saurayi, Bertrand Dauvin, ya tashi a wuri guda don ya karya wannan tarihi, ya faɗo ya mutu. Daga baya hukumar wasannin sama ta duniya ta daina karɓar gasar daɗewa a irin wannan jirgi, don an gane ba gwaninta ake aunawa ba, wa zai fi jure rashin barci ne. Amma gasar nisa tana nan, ita ma wuni take ci. Hans-Werner Grosse ya tashi daga Lübeck a arewacin Jamus ya sauka Biarritz a kudancin Faransa ranar 25 ga Afrilu 1972, kilomita 1,460, fiye da sa'a 11. Klaus Ohlmann ya wuce kilomita 3,000 a kan duwatsun Andes na Ajantina a Janairun 2003, wajen sa'a 15 a kujera ɗaya. Ko lambar azurfa, wadda sabon matuƙi ke nema, sai ya yi sa'a 5 a sama ba sauka. Wanda ya fi burge ni shi ne André Borschberg, wanda a 2015 ya tuƙa Solar Impulse 2, jirgi mai aiki da hasken rana, daga Nagoya ta Japan zuwa Hawaii, sa'a 117 da minti 52 shi kaɗai. An auna masa guzurin kowace rana: abinci kilo 2.4, ruwa lita 2.5, da lita 1 ta abin sha mai gishiri da sukari. Kujerarsa kuma an yi mata masai a ciki. Injiniyoyin da suka ƙera jirgin da ya zagaya duniya ba mai, ba su ga ƙasƙanci ba a zama a tsara inda matuƙi zai yi bayan gida.

Akwai ruwa na uku, bayan na ciki da na sha a hanya, wato wanda ba a taɓawa. Jirgin shawagi in iska ta mutu masa sauka yake duk inda ya sami fili. A Turai gonar wani ce, ƙauye na nan kusa. A ƙasarmu, in ka yi arewa da Masaguet ka nufi Musoro, ko ka wuce can wajen Faya, fili ba ya ƙarewa, mutane ne ke ƙarewa. Garin nan ma yana da labarinsa. A Janairun 1942, lokacin ana ce masa Fort-Lamy, dattawanmu na cewa Fallomi, wani jirgin yaƙin Jamus ƙirar Heinkel ya taso daga kudancin Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin nan ya ƙona man da aka tara. A hanyar komawa mai ya ƙare musu, suka sauka a tsakiyar hamada. Kusan mako guda suka yi a gindin jirginsu suna auna ruwa, har jirgin Italiya ya hango su. Sun tsira don suna da abin aunawa, kuma ba su bar jirgin ba. Bill Lancaster, matuƙin Ingila da ya faɗi kudu da Reggane a Aljeriya cikin Afrilun 1933, ya tashi ne a gajiye ba barci. Ya yi kwana takwas a inuwar fiffikensa yana rubutu yana kurɓar ɗan ruwan da ya rage, ba a ga gawarsa ba sai 1962. Kuma ba sai jirgi ba: a watan Yunin 2022 an tsinci gawar mutum 20 a hamadar Libiya kusa da iyakarmu, motarsu ta lalace ƙishirwa ta kashe su. Saboda haka lita biyu ko uku a ɗaure a bayan kujera, ba a lissafa su cikin na sha, tare da hula da madubin haska wa masu nema. In an sauka a daji a zauna a inuwar fiffike, don daga sama farin jirgi ake hangowa, ba a hango mutum.

Na san a cikinku ɗaya ne ko biyu za su taɓa zama a jirgin shawagi. Wasu za su je Zariya, kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964, wasu Yamai makarantar ma'aikatan sararin sama, da yawa kuma babur ɗin kilando za su tuƙa, ko babbar mota zuwa Abeche, ko su tsaya kan injin niƙa. Jikin dai ɗaya ne, kuma kowannenku yana da nasa mintuna biyar na sauka a ƙarshen wuni, ko da shataletalen Dembe ne da magariba.

Kai kuma ƙaramin da ka yi mini tambaya a gindin darbejiya, ga aikin da na ba ka kafin ka cike takardar kowace makaranta. Gobe da safe ka je wajen masu sikeli a kasuwar gero ka hau, ka rubuta nauyinka. Ka yi harkokinka yadda ka saba, ka riƙa lissafa duk abin da ka sha. Da la'asar ka koma kan sikelin nan da tufafin nan. Kowane kilo da ya ɓace lita ɗaya ce da jikinka ya fitar ba ka mayar ba. Ni na gwada a watan Afrilun bara, ranar da na rantse ban ji ƙishirwa ba, na tarar kilo ɗaya da rabi sun tafi. Ka kawo mini naka lissafin ranar Juma'a.